Kankanar da Ba a Yanka Ba

Akwai rowar hana abu, akwai kuma rowar "jira tukuna", wadda ta fi ta farko mugunta, domin mai ita yana kwana yana ganin kansa mutumin kirki.

Madam Tsaf-tsaf, matar mai kemis, tana cikin kicin tana yayyanka cuku ƙanana-ƙanana, gumi na bin wuyanta. Zafi ya kai inda fanka ma iska mai ɗumi take juyawa. Ƙawayenta na ofis za su zo da yamma, ta kuma yi rantsuwa sai sun ga abin da ba su taɓa gani ba: tsinke ɗaya, inabi, cuku, ganyen na'ana'a, sai jan kankana a kai kamar hula. Ta jera tsinkayen a faranti, kankanar kuwa tana gefe cikin ruwan ƙanƙara, ba a taɓa ta ba.

Aka ƙwanƙwasa ƙofar baya. Inna ce, matar tsohon direban da katanga ɗaya ta raba su, mayafinta a karkace.

"'Yata, sannu da aiki. Babanku ne. Tun safe ko ruwa ya ƙi wucewa, yanzu kuma ya buɗe ido ya ce kankana yake marmari. Na ga an shigo miki da ita. Ɗan yanka ɗaya, ya jiƙa maƙoshi."

"Ayya Inna, Allah ya ba shi lafiya. Amma in na fasa ta yanzu, ruwa za ta yi ta tsiyaya, ta jiƙa min cuku ya yi laushi. Ba a yanka ta sai baƙi na bakin ƙofa."

"Ko daga gefe ne, 'yata."

"Haba Inna, kankana ai ba ta da gefe! Ki jira kaɗan. Da sun iso zan aiko da rabi guda."

Inna ta dube ta, ta dubi kankanar, ta gyara mayafi.

"To. Bari in je in ce masa ya jira."

Wannan tsoho fa shi ne ya ɗauki Madam a motarsa ranar da naƙuda ta kama ta mijinta ba ya gari, bai ce mata jira ya gama cin abinci ba. Amma wanda ya ƙoshi ya fi kowa mantuwa.

Motar farko ta tsaya a ƙofar gida. Madam ta ɗauki wuƙa, ta ɗora, kankana ta tsage ja wur. A daidai lokacin kuka ya tsallako katanga.

Rai ma baƙo ne, shi kuwa ba ya jiran a gama jera faranti.

Ƙawayen ba su ko shigo ba, suka juya gidan Inna. Madam ta bi su a guje da rabin kankana a hannu. Inna na zaune a bakin gado, ta ɗago kai.

"Mayar da ita, 'yata. Kada ta jiƙa miki cuku."

Matan da ke ɗakin kuwa duk sun ji.

Ga abin da Madam ta rasa a ranar: baƙinta, waɗanda daga gidan rasuwa kowacce ta kama hanyarta, gaisuwar Inna ta safe, da fuskar da za ta fita da ita a layin. Cukun ya yi gumi a faranti har ya karkace a jikin tsinke, ruwan kankanar yana ɗiga daga bakin tebur zuwa ƙasa.