Lasisin Latifatu

Shekara goma sha ɗaya Latifatu ta yi tana aikin nas a wani asibitin karkara a arewacin Najeriya. A Alabar aka haife ta, cikin zangon Kumasi, amma tana 'yar shekara shida gwaggonta ta ɗauke ta riƙo, ta tafi da ita Najeriya. Can ta yi karatu, can ta sami lasisi, can ta yi aure, can kuma ta binne mijin. Da aka aiko mata cewa ciwon sukari ya kama ƙafar mahaifinta, Alhaji Brimah, sai ta zuba takardunta a jaka ta hau mota. A lissafinta, wata biyu ko uku za ta sami aiki a Kumasi, ta riƙa duba tsohon safe da yamma.

Ta je Ankara, babban birnin Gana, ofishin da ke yi wa nas-nas rajista. Wata mata mai tabarau ta juya takardun ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ɗago.

"Madam, wace ce Latifa Sani?"

"Ni ce."

"Katinki na Gana kuma ya ce Latifatu Brimah."

Sani mijin gwaggo ne. Shi ya kai ta firamare, aka tambayi sunan uba, ya faɗi nasa. Ba wanda ya taɓa ɗauka abin magana ne. Matar ba ta yi mata faɗa ba, ta dai rubuta mata abin da za ta kawo: rantsuwar kotu a kan sunan, shaidar kyakkyawan aiki daga Najeriya, da wasiƙa daga makarantar da ta yi. Sai an haɗa waɗannan za ta zauna jarrabawa.

Rantsuwa ta samu a mako ɗaya, shaida ta zo a wata na biyu. Makarantar ce ta zama ƙarfen ƙafa. An rufe ta saboda rashin tsaro, an kwashe fayil-fayil zuwa wani gari. Ƙawarta Habsatu ce ta yi ta sintiri a can, kullum a ce ta dawo jibi. Kafin wasiƙar ta iso wata takwas ya wuce, shaidar farko kuwa wa'adinta wata shida ne. Sai a sake nema.

A gida ita ke wanke ƙafar Baba, ta naɗe, ta gwada masa sukari. 'Yan layi suka sa mata suna Nas. Wata safiya maƙwabciyarsu Rakiatu ta shigo da kwalaben allura a ƙulle a bakin zane.

"Nas, maigidan ne, zazzaɓi ya ƙi sauka. Ki taimaka ki tsira masa."

"Yaya Rakiatu, ki yi haƙuri, ku kai shi asibiti. Ba ni da izini a nan. In aka ji na yi, ko jarrabawar ba za a bar ni in zauna ba."

"To, wa zai ji? Mu da mu ne fa."

Latifatu ta sunkuyar da kai. Rakiatu ta kai mijin wajen wani mai allura a unguwar Krofrom, wurin ya kumbura, sai da aka tsaga. Daga ranar magana ta fara yawo a bakin famfo: anya ma nas ce? In nas ce, me take yi a gida shekara guda? Masu kiranta Nas suka koma kiranta Latifa.

Da damina ƙafar Baba ta yi baƙi, aka kwantar da shi. Wata nas, yarinya sabuwar fita, ta zo sa masa ƙarin ruwa. Ta soka ba ta samu ba, ta sake, ta sake. Latifatu na tsaye tana ganin jijiyar ƙarara a gefen wuyan hannu. Yatsunta har motsi suke yi.

Baba ya juyo da fuska, idonsa ya kawo ruwa. "Latifa, ke ki yi mini mana. Ba aikinki ba ne?"

Ta zaro katin aikinta na Najeriya ta nuna wa babbar sista. Sistar ta duba gaba da baya, ta miƙo mata cikin ladabi.

"Na yarda ke nas ce, 'yar'uwa. Amma ba a ɗakin nan ba. Ki jira a waje."

Latifatu ta san gaskiya ta faɗa. Ita ma ta sha faɗa wa mutane haka, da wannan muryar. Ta fita baranda ta zauna a benci cikin masu jinya, tana jin tsohon yana salati. Kwana tara bayan nan Allah ya yi masa rasuwa. Likita ya ce dama ciwon ya riga ya shiga jini.

Bayan sadakar arba'in ta koma Ankara da takardu cikakku. Mai tabarau ta gane ta, ta yi mata ta'aziyya, sannan ta ɗora yatsa a kan wata kwanan wata. Lasisin Najeriya ya ƙare tun Disamba. Ta ce dole sai ta koma can ta sabunta.

A cikin motar dawowa ta kira Habsatu, ta tambaye ta ko aikinta na da yana nan. Habsatu ta ce an daɗe da sa wata a gurbinta, asibitin ma yanzu rabinsa a kulle yake.

Ƙaninta Abass ya samo mata aiki a shagon daskararren kifi a Atonsu, mota biyu daga gida. Ta ce masa za ta riƙe kafin takardu su daidaita. Ƙanƙara ta tsattsaga mata fatar hannu tun a watan farko. Bana shekararta ta biyu ke nan a shagon.