Wasiƙar Farfesa

Shekara tara Dakta ya yi a ƙasar mutane, bakwai daga ciki a ɗakin gwajin ƙasar noma da ke ƙarƙashin bene, inda babu taga sai fanka mai ƙugi. Kwantiraginsa na shekara ɗaya-ɗaya ne. Farfesa, mai ɗakin, shi ke sa hannu a sabunta, kuma da wannan sa hannun ake sabunta masa takardar zama. Neman aikin koyarwa kuwa ya tura takardu sun fi saba'in. Amsar ɗaya ce, tambarin jami'a kawai ke canzawa.

Kwatsam sai ga sanarwa daga gida. Jami'ar da ya yi digirin farko tana neman malami a sashensu, gurbin da rabon a buɗe shi tun Dakta bai yi aure ba. Ranar abinci ya gagare shi. Da ya lumshe ido sai ya ga 'yar hanyar da ta bi ta bayan ɗakin karatu, ya ji yayarsa tana ƙwala masa kira da sunan da babu wanda ya sani a nan.

"Baban yara, ka tabbata?" in ji matarsa. "Kada ka sa ni ɗaure kaya a banza."

"Ɗaure. Har labule."

Abu ɗaya ya rage, wasiƙar shaida. Ƙa'idar aikin ke nan: wanda ka yi aiki a ƙarƙashinsa zai rubuta ya aika kai tsaye, kai kuma ka amince ba za ka gani ba, don wasiƙar da mai nema ya karanta ba a ɗaukarta da daraja. Dakta ya amince, ko gezau bai yi ba.

"Gida? Madalla!" Farfesa ya dafa kafaɗarsa. "Zan rubuta maka wadda ban taɓa rubuta wa kowa ba. Af, injin gwajin nan ya sake tsayawa. Ka san kai kaɗai yake jin maganarka."

Ranar ganawa Dakta ya sa kwat ya zauna gaban kwamfuta. Mutum biyar suka bayyana a fuskarta, zaune a bayan dogon tebur a can gida, ga koren bangon nan da ya sani, har tsagewar da ke kusa da allo tana nan. Ya gaishe su. Tambayoyi suka yi ta zuwa, yana kakkaɓe su ɗaya bayan ɗaya.

Can sai shugaban sashe ya ɗago takarda.

"Dakta, wasiƙar maigidanka ta burge mu. Shafi uku cur. Ba a karanta wa mai nema, amma kai namu ne." Ya gyara tabarau. "'Ba shi da na biyu a aiki. Sai dai gaskiya ta tilasta mini in faɗa: iyalinsa sun kafu a nan, kuma na fahimci yana neman gurbinku ne don ya samu abin da zai yi ciniki da shi a wurinmu. Ba na jin zai yi muku shekara.'"

Wata a gefe ta tuntsire da dariya.

Dakta ya ce, "Ranka ya daɗe, wallahi ban taɓa..."

Shugaban sashe ya katse shi. "Bara waccan jami'ar nan ta ɗauki irinka a wani sashen. Wata huɗu ya yi ya gudu, wai kujerar ofis na sa masa ciwon baya. Mun gaji da 'yan yawon buɗe ido."

Dattijon da ke ƙarshen tebur, wanda ya koyar da shi a aji ɗaya, ya matso kusa da kyamara. "Zauna inda kake, ɗana. Ai sun fi mu sonka."

Fuskar kwamfutar ta yi baƙi.

Bibbiyu Dakta ya riƙa taka matakalar bene. Ya tarar da Farfesa yana ɓare lemo a kan tebur.

"Yaushe na ce maka ciniki nake?"

"Sun karanta maka? Kai, mutanenku ba su san ƙa'ida ba." Ya jefa ɓawon a kwando. "Na ce ba ka da na biyu. Ƙarya na yi? Samfurin ƙasa dubu huɗu ke jiran injin nan. Wa ka so ya yi, ni?"

"Gida nake so, Farfesa."

"Wa ya riƙe ka? Ga ƙofa."

Dakta ya dubi ƙofar. Kwana goma sha tara suka rage wa takardar zamansa. Ya hango kansa ya sauka da 'ya'ya uku ba aikin yi, a ɗakin baƙin yayarsa, labarin wasiƙar kuma ya riga shi isa kowane ofis.

Farfesa ya goge yatsunsa, ya turo masa kwantiragi da biro. Dakta ya sa hannu. Sai da ya ajiye biron idonsa ya faɗa kan layin farko.

"Wata shida?"

"To ya zan yi?" Farfesa ya zare takardar ya sa a aljihun tebur. "Kowa a sashen nan ya ji kana neman tafiya. Wa zai ba mutum irin haka shekara guda?"