Gefen da Mai Guduma Ya Gyara

"A'a, dakata. Ban ce ka yi shiru ba, cewa na yi ka dakata. Yarinya ba ta raina ubanta ba. Wa ya gaya maka? To shi mai gaya makan yana wurin? Kai ma ba ka wurin. Ni kuwa ina wurin, da ƙafata mai ciwo."

Tsohuwa ta janye wayar daga kunnenta, ta ɗora a cinya, ta bar ƙaninta ya ci gaba da zuba. Tun yana yaro haka yake, in ya ɗauko magana sai ya kai ta inda ba a aike shi ba. Yana can wani gari mai nisa, amma in cokali ya faɗi a gidan nan shi ne mai yanke hukunci. Da a ce surutun a wayar zai tsaya, da ba ta damu ba. Matsalar ita ce ɗanta yana jin maganar kawunsa, in aka bar shi zai sake hura wutar da ta sha wuya kafin ta kashe.

Ɗan nata shi ake ce wa Mai Guduma a layin gareji. Gyaran jikin mota ne aikinsa tun gemunsa bai fito ba, ga shi yanzu har ya yi fari. In aka kawo masa mota ta lotse, sai ya zagaya ta yana ƙwanƙwasawa da yatsa, yana kasa kunne, kamar mai zaɓen kankana. Daga nan ya ɗauko guduma. Kafin ka je ka dawo, mai motar ma sai ya manta ta wane gefe aka buge shi. Gidansu yana manne da garejin, tagar ɗakin tsohuwa tana kallon wajen aikin. Ba ta iya karanta ko baƙi ɗaya ba, amma daga ƙarar guduma takan gane ko yau ya tashi da fara'a ko da faɗa.

Yana da 'ya, malamar makaranta, mai yara biyu. Kowa Malama yake ce mata, shi kuwa Uwata. To ita ce ta je ta sayo mota irin ta yanzu, ba ta nemi shawararsa ba. Ranar da ta kawo ta, ya dafa ƙofar da babban yatsa, ya taɓe baki.

"Uwata, gwangwani kika sayo. Motar da, in ta yi karo da bango, bangon ake gyarawa."

"Gaskiyarka," in ji tsohuwa daga taga. "Motar takan fito lafiya lau. Mai ita ne dai ba ya fitowa."

Ya yi kamar bai ji ba. Ya saba.

Maƙwabcinsa a layin mai sayar da kayan mota ne, ana ce masa Mai Labarai, don kullum hancinsa na cikin waya. Shi ya zo ya tsaya yana bayani ba wanda ya tambaye shi. Wai masu ƙera motoci duk sun koma wani sabon ƙarfe, siriri, mara nauyi, amma ya fi na da ƙarfi nesa ba kusa ba. Wai mota ba ta shan mai da yawa, in an yi karo kuma ƙarfen ne ke kare na ciki. Wai kasuwarsa sai hawa take yi, nan gaba kaɗan guduma sai dai a buga ƙusa da ita, don ba a miƙar da shi, cirewa ake a sa sabo. Kan wannan hasashe ya cika shagonsa da ƙofofi da murafe har rufi. Kasuwar duniya dai tana ta hawa a cikin wayarsa, ƙofofin kuwa gizo-gizo na ta saƙa a kansu, don a layin nan ba wanda zai sayi sabuwar ƙofa alhali Mai Guduma na numfashi.

Ana nan, wata rana Malama ta ajiye motar a bakin makaranta, wata motar kaya ta yo baya ta daki gefen dama. Allah ya taimaka ba kowa a ciki. Ginshiƙin da ke tsakanin ƙofar gaba da ta baya ya lanƙwashe ciki. Malama ta kai ta babban garejin masu sayar da irin motar, masu sa riga iri ɗaya. Suka duba suka ce wannan wurin ba a bugunsa, ba a sa masa wuta, yanke shi ake a sa sabo, sai dai ta jira a kawo.

Kafin ta iso gida labari ya riga ta zuwa layin.

"Ina raye?" in ji Mai Guduma. "Ina raye 'yata za ta kai wa yara masu riga iri ɗaya mota? Gobe in ce wa mutane me? Su kawo nasu, tawa kuwa na kai wa wasu?"

Da kansa ya je ya jawo motar.

Tsohuwa ta ja kujera bakin taga, don ta san za a yi kallo. Ya ɗauko gudumar da ya fi so, ya kai duka. Guduma ta dawo masa kamar ya bugi dutse. Ya ɗauko babba. Ita ma ta dawo, har da kuka. Ya ɗaura sarƙa ya ja, motar gaba ɗaya ta biyo shi, ginshiƙi bai motsa ba. Wuyan hannunsa ya kumbura. Masu gyaran taya da masu fenti da masu lantarki duk suka bar aikinsu suka zo suka yi da'ira, kowa na ba da shawara, ba mai taɓawa. Mai Labarai ya kawo bencinsa.

Da Mai Guduma ya jawo tukunyar gas, sai Mai Labarai ya miƙe.

"Maigida, ban da wuta. Ƙarfen nan a wuta ya samo ƙarfinsa, wuta ce kuma za ta karɓe abinta. Zai miƙe, amma ya tashi daga aiki."

"Kai ka taɓa riƙe guduma?"

"Ban taɓa ba."

"To riƙe wayarka."

Ya kunna. Ƙarfe ya yi ja, ya kai masa duka ɗaya, sai ga shi ya bi kamar kitse a rana. 'Yan kallo suka ɗau shewa. Shi ma ya yi dariya, amma tsohuwa ta ga ya tsaya yana kallon wurin, guduma a hannu, dariyar ta bushe a fuskarsa. Abin da ya wuni yana gardama da shi, yanzu ko musu ba ya yi. Mutumin da ya tsufa yana sauraron ƙarfe ba ya bukatar waya ta gaya masa me hakan ke nufi. Sai dai jama'a na tafi, shi kuwa ba a yi masa tafi ya ajiye aiki ba.

Ya cike, ya goge, ya fesa fenti. Gaskiya aiki ya yi kyau. Gefen da ya gyara har ya fi wanda ba a buga ba sheƙi.

Malama ta zo, ta zagaya, ta yaba, ta yi godiya har da rusunawa. Sannan ta yi ƙasa da murya.

"Baba, wuta ka sa?"

"Kin ga alama?"

"Ban gani ba. Amma Baba, a nan baya yaran suke zama."

Nan fa aka yi ta. Ya ce ita da ya goya za ta koya masa ƙarfe? Ta ce ba ta koya masa komai ba, yaranta dai ba za su shiga ba. Ya ce to, tunda hannunsa bai isa ya gyara mata mota ba, ƙofarsa ma ba ta isa ta shigo ba. Yara in za su zo gidan nan, a cikin motar nan za su zo, ko su zauna inda suke.

Mota ta zauna a gareji tana sheƙi, yana wanke ta kullum kamar zai kai ta gasa. Malama ta koma bin motar haya. Gidan ya yi tsit. Tsohuwa ta rasa mai ɓoye mata sanda, ta rasa mai satar mata sukari. Ƙaramin ma da take ce wa mijinta, ko leƙe babu.

Da abin ya yi tsawo, Malama ta kira ta, murya a sanyaye.

"Kaka, na gaji. Fushin Baba ba abin wasa ba ne. Gobe zan zo in karɓi makullin. Zan riƙa tafiya a hankali."

"Wanda ya buge ki rannan, ke ce ke gudu?"

"A'a, Kaka, a ajiye take."

"Zo goben," in ji tsohuwa. "Ki zo da safe. Kada ki ce komai, ba bakinki ake so ba."

Da gari ya waye ta ci ado, ta ɗauki sanda, ta fito gareji tana ɗingishi fiye da yadda ƙafar ta nema. Malama na tsaye a gefe.

"Kai ni asibiti, gwiwar nan ta hana ni sakat. A wannan za mu je. Tunda aka gyara ta ba wanda ya ɗana, bari in riga mai ita."

Mai Guduma ya ji daɗi har ya kalli shagon Mai Labarai ko yana gani. Ya buɗe mata ƙofar baya ta hagu. Ita kuwa ta zagaya abinta, ta buɗe ta dama, ta zauna, ta jingina kanta da ginshiƙin nan, ta lumshe ido.

"Inna, dawo wannan gefen. Can rana za ta dame ki."

"Ranar nake so. Sanyi ne a ƙashina."

"Ƙafarki fa? Nan ya fi faɗi."

"Kujera ɗaya ce, ɗan nan. Ko ka rage wannan ne da kana gyara?"

"Ba haka ba ne. Ƙofar ce ba ta gama sabawa ba."

"Na rufe ta, ta rufu. Wa ya gyara ta? Ba kai ba? To ni ina zan samu wurin da ya fi nan? Ja mu je. Ka bi ta babban titi, ban son lunguna, ramukan suna taɓa mini baya."

Babban titin nan kuwa manyan motoci ne ke bi, masu ɗaukar yashi da masu ɗaukar ƙarfe, direbobinsu kamar an ce musu birki ado ne.

Ya shiga ya tayar. Suka gangara layin a hankali, mutane na ɗaga musu hannu. Da suka iso bakin titi ya tsaya. Wata babbar mota ta wuce, ƙasa ta girgiza. Ya jira. Wata ta wuce. Hanya ta yi fayau, ko keke babu. Bai shiga ba. Na bayansu suka fara danna oda. Ta madubi yake kallonta, ita kuwa ta ƙara gyara kwanciyar kanta a jikin ginshiƙi, har da 'yar hamma.

"Ko hanyar ma sai an gyara?" in ji ta.

Ya share zufa. Ya sa giyar baya, ya yi ta ba na bayansa haƙuri ta taga, ya dawo da su gareji da baya da baya, duk layin na kallo.

"Injin na wani ƙara," ya ce da ya kashe.

Mutumin da tunda yake bai taɓa buɗe inji ba sai don ya ɓoye abincin rana. Ba wanda ya ji ƙara, ba kuma wanda ya ce bai ji ba. Malama ta miƙo hannu a hankali, kamar za ta karɓi makulli. Ya dube ta, ya dubi makullin, ya jefa a aljihu.

"Ba ta gama ba, Uwata. In ta gama zan gaya miki."

Ya kira wa uwarsa motar haya. Da rana tsohuwa ta hango shi ta taga a shagon Mai Labarai, yana raɗa, wai wani mai mota ne ya aiko shi ya tambayi yadda ake sa a kawo irin ginshiƙin nan. Mai Labarai, da yake ranar ce kasuwar duniya ta fara isowa shagonsa, bai tambayi wane mai mota ba. Da yamma yara suka zo a motar haya. Kakansu ya ɗauki ƙaramin a wuya yana zagaya gida da shi, bai tambayi a me suka zo ba.

Haƙuri dai ba wanda ya ba wani. To shi ne abin da ke cin ƙanin nata. Ta ɗauki wayar daga cinya ta mayar kunne. Yana nan inda ta bar shi.

"Na ji. Na ce na ji. Wai ta je ta durƙusa, ta karɓi mota yadda take, ta zuba yara, don kada a ce. Ai ba ka faɗi abin da ba a saba ji ba. Hannun yaron nan kuma na riga ka saninsa, ni na yanke masa farce. Eh, gwani ne. Wa ya ce ba gwani ba ne? To saurara. Shi gwanin, da ni da na haife shi, ya kasa tsallaka titi ina zaune a gefen nan. In kai ka fi shi yarda da aikinsa, ka hau mota ka zo gobe. Kujerar na nan ba kowa, ni da kaina zan rufe maka ƙofa."