Kwanon Dawa a Kan Keke

Saura kwana tara Batula ta tashi zuwa ƙasar Holan karatun noman rani, saƙo ya shigo wayarta. Jami'ar tana yi mata maraba, amma a ƙasa an ce daga ɗakin kwananta zuwa aji kilomita biyar ne, kuma an ajiye mata keke, tunda ta ce ta iya hawa.

Ta faɗa ɗin kuwa. Ranar da take cike fom a wani shagon kwamfuta a Dutsin-Ma ta ci karo da tambayar, tsoro ya kama ta kada a ba wani gurbinta, ta danna "e". Ita da ko keken yara ba ta taɓa hawa ba. Ta bincika kuma, garin da za ta je babu ɗan acaɓa ko ɗaya.

Kunya ta hana ta faɗa wa kowa a gida. Sai ta ce za ta je Rawayau yi wa ƙanwar mahaifinta, Goggo Turai, sallama.

Da ta isa ta kwashe labarin ta faɗa mata, Goggo ta saurare ta tana tsince wake, har ta kai aya.

"Wato ƙarya kika yi wa Turawa."

"Goggo, ba da gangan ba ne."

"Da yatsan wa aka danna? Tashi. Ga keken Babanku Ashafa can a zaure, shi yanzu sai babur."

Bayan gidan akwai fili inda ake shanya hatsi, an kewaye shi da darni. Nan suka koma. Batula ta sa wando a ƙarƙashin doguwar riga, ta ɗaure mayafinta a ƙugu. Ta riga ta karanta bayanin hawan keke a waya har ta haddace, amma da zarar ta ɗora ƙafa a feda sai idonta ya koma kan tayar gaba, keken ya yi nasa wuri. Ranar farko ta shiga darni sau uku. Rana ta biyu ta ture turmi, ta kuje gwiwa.

Goggo, wadda ke riƙe da kariyar bayan keken tana haki, ta saki ta zauna.

"Ni ban taɓa hawa wannan abu ba, amma na ga ciwonki. Karatu kike yi wa tayar. Tun kina ƙarama kanki a sunkuye yake cikin littafi."

Ta shiga gida ta fito da gammo da ƙaramin kwano cike da dawa, ta aza wa Batula a ka.

"Da nake aiken ki rijiya, kin taɓa ɗauko ruwa kina kallon ƙafarki?"

"A'a, Goggo."

"To ga kukar can, ita za ki kalla. Abin da ya zube rabon kaji ne."

Kaji kuwa suka samu. Kwano ya faɗi tun kafin taya ta juya sau biyu. Zuwa washegari, da sun ji ƙarar sarƙar keke sai su taso a guje su jeru bayan Batula kamar 'yan rakiyar amarya. Goggo tana sake cika kwano tana mita, wai kajinta za su yi ƙiba da sunan karatun Turai.

Rana ta huɗu da hantsi, Batula ta kafe kukar da ido, wuyanta a miƙe kamar mai ɗauke da tulu. Ta taka, ta sake takawa. Ta wuce turmi, ta wuce rumbu, tana ta faɗin, "Goggo, kar ki saki, don Allah kar ki saki."

"Ai ina riƙe," in ji Goggo.

Muryar daga nesa ta fito. Batula ta so ta waiwaya, ta tuna da kwano, sai ta ci gaba da takawa. Ta karkata a hankali ta zagayo, ta hango Goggo zaune a kan turmi ta miƙe ƙafa tana ɓare gyaɗa. Ta matsa birki a gabanta, ta sauke ƙafa. Ko ƙwaya ɗaya ba ta zube ba.

Kajin da suka biyo ta har zagaye guda suka tsaya suna ɗaga kai.

"To, yanzu maganar da kika faɗa wa Turawa ta zama gaskiya," in ji Goggo. "Sauko da kwanon ki sallami mutanenki, sun sha tafiya."

Batula ta watsa musu dawar tana dariya, ta juya kan keken ta sake hawa.