Rufin da Ba Shi da Mai Gida

Shekara shida ina bin ƙananan ayyuka kafin gwamnati ta ba kamfanina kwangilar farko: rufin asibitin wani ƙauye a gindin dutse. Mu bakwai ne duka kamfanin, har da ni. Takarda ta ce ranar Alhamis za a zo dubawa. In ba mu gama ba a ƙwace aikin, kuma ba mu ba kwangila har abada. Na gaji, irin gajiyar da barci ba ya maganinta.

Ran Litinin katako ya gama hawa. Baba Jelyo, babban kafintanmu tun zamanin mahaifina, ya kafa gicciye a ƙololuwar rufin, ya sauko ya kunna taba. Sauran ma suka zauna.

"Baba, tayil ɗin rufin fa?"

"Nedyalka 'yata, ke baƙuwa ce a Bulgariya? Sai mai gida ya rataya tawul a gicciye, na hau na kira sunansa, na sa masa albarka. Rufin da ba a kira sunan mai shi ba, kan mai ɗora shi yake faɗowa."

"To ga tawul a motata."

"Ke 'yar kwangila ce. Mai gida na ce."

Na buga wa Malama Karaivanova, jami'ar ƙaramar hukuma mai kula da aikin. Ta ce ta duba kwangilar shafi arba'in, babu tawul a ciki.

"Gwamnati ce mai gida, Baba."

"To ta zo. Ina son in ga fuskarta kafin in mutu."

Talata ta wuce a haka. Na yi lallashi, na yi faɗa, na ce zan kore shi, ya ce in gaida wanda zai hau a madadinsa. Ba wanda zai hau, na sani. Na zauna kan tulin tayil, ko kuka na kasa.

Da safiyar Laraba wata tsohuwa ta tsallako daga gidan da ke kallonmu, Inna Todora, rungume da ƙunshi. Tawul goma sha biyu ne saƙar hannu, sun yi ja-ja don daɗewa a akwati.

"Mu nawa muka rage a ƙauyen nan? Talatin. Mu za mu kwanta ƙarƙashin rufin nan, ba gwamnati ba. Kai tsoho, hau."

Baba Jelyo ya juya tawul ɗaya a hannunsa. "Todora, waɗannan ai na gidan ɗanki Velizar ne."

"Shekara ashirin da biyu yana Sifaniya. Wane gida zai gina a nan?"

Ya hau ba musu. Muka yi aiki kamar mahaukata, Alhamis da azahar Malama Karaivanova ta zagaya, ta sa hannu, ta tafi ko shayi ba ta sha ba. Kamfani ya tsira. Na ɗauka zan yi murna.

Amma abin da ya tsaya mini shi ne Larabar nan, da Baba Jelyo ya leƙo daga sama ya ce, "Todora, da wane suna zan kira?"

Ta daɗe tana gyara ɗankwali.

"Kira nasa," ta ce. "Da ƙarfi. Yana da nisa."