Katangar Disamba

Duk shekara, da Nuwamba ya kusa ƙarewa, sai Masanobu ya ɗago kai daga kwanon miyarsa ya ce da matarsa, "Ke, kin iso katanga." Washegari Teruko ta je shagon da take aikin moci, wato curin kirɓaɓɓiyar shinkafa, ta yi sallama da abokan aiki, ta dawo da farar rigar aikinta ta rataye a ƙusar bayan ƙofa, sai kuma Janairu.

Katangar haraji yake nufi. Ana yankar haraji a fanshonsa, amma muddin abin da matarsa ta samu a shekara bai wuce wani adadi ba, hukuma na ɗaukarta a matsayin wadda yake ci da ita, sai a yi masa rangwame. In ta ƙetare, rangwamen ya fara zaizayewa. Mata da yawa a garin Sakata da wannan katanga suke zaune, sai dai ba kowace ce ta auri tsohon akawun kamfanin dakon kaya ba, mutumin da ko kuɗin albasa sai ya ji ba'asinsa. Tun da ya yi ritaya ba shi da sauran ofis sai wannan lissafi, ya kuwa riƙe shi hannu bibbiyu.

Abin haushin shi ne Disamba ne kakar moci. Kowane gida na son kirɓaɓɓiyar shinkafar nan don sabuwar shekara, tururi ya cika shago, layi har bakin titi, ita kuwa tana gida tana kallon mijinta yana buɗe firij yana tambayar wa ya sayi tofu, awarar waken suya, har biyu. A shago ne kaɗai ake kiranta da sunanta. A can take dariya har da hawaye, a can hannunta ya san abin da yake yi. A gida sunanta Ke.

Bana Shizue, mai shagon, ta tare ta tun kafin ta kai ga kwance ɗankwali.

"Yaya Teruko, zo mu yi ta ta ƙare. Dubi hannun nan nawa." Ta ɗaga wuyan hannunta da ke naɗe da bandeji. "Likita ya ce in na sake murza moci shi ba ruwansa. Akwai wata mata da ke neman aiki, amma ta ce ita ba 'yar riƙon ƙwarya ba ce, shekara sukutum take so. Ni ke nake so. In kin tsaya Disamba, gurinki na nan. In kin tafi, wallahi ba ni da yadda zan yi."

"To in zo kyauta mana. Kar ki biya ni."

"Ki ja mini hukuma ke nan? Rufa mini asiri."

Tokiko, wadda ke wanke tire a gefe, ta sa baki. "Rangwamen nawa ne ma? Bai kai albashin sati biyu ba, na rantse. Ki biya shi abinsa ki sayi kanki. Ni nawa tsohon ranar da ya ce mini katanga, ce masa na yi ya hau ya zauna a kai."

Aka yi dariya, har da Teruko. Amma maganar ta shige ta. Duk shekarun nan ba ta taɓa tambayar nawa ne ba, don a gidansu lissafi na maigida ne, kamar yadda tukunya take tata. Tana tafe gida da rana tsaka, iskar teku na yankar kunnenta, tana jera abin da za ta faɗa, kuma ta ji ranta ya ɓaci ƙwarai. Tana da shekara sittin da tara, a ce har yanzu sai an ba ta izinin murza shinkafa.

Ta same shi inda ta bar shi, ƙafafunsa cikin bargon da ke lulluɓe da gajeren teburin jin ɗumi, talabijin na ta surutu ba mai kallo.

"Baban Noriko, bana ba zan ajiye aiki ba."

"Ai kin iso katanga."

"Na iso, zan kuma haura. Shizue za ta ba wata gurina."

"To rangwamen fa? Kin san abin da za su yanka?"

"Faɗa mini. Nawa ne? Zan zare daga albashina in sa maka a ambulan, har da rusunawa in kana so."

Ta gyara tsayuwa tana jiran ruwan lissafi, irin wanda ya saba zubo mata, kashi kaza cikin ɗari, sashe kaza na doka. Ya ɗauki lemun da ke kan tebur ya fara ɓarewa, ya ajiye, ya sake ɗauka.

"Ban sani ba," ya ce.

"Ba ka san me ba?"

"Bana ban yi lissafin ba. Na zauna zan yi, lambobin suka ƙi tsayawa. Na sake zama, haka. Ranar da na faɗa miki bara ita na maimaita."

Teruko ta zauna a kan tabarma ba tare da ta cire kwat ba.

"Ran Talata na fita sayen ƙwan fitila," ya ce, idonsa na kan lemun. "Na fito daga kanti, na zo kan gada, sai na rasa wane ɓangare ne gida. Gadar nan tamu fa. Na tsaya ina kallon ruwa kamar mai shan iska, don kar a gane. Sai ga matar maƙwabcinmu Ikeda da karenta. Ban yi mata magana ba, na dai bi bayansu har layinmu."

"Me ya hana ka faɗa mini?"

"Ai ba wannan ne na farko ba." Ya ɗan yi murmushi, wanda gara ma a ce kuka ya yi. "Tun damina nake ce wa kaina, ka daure, ta kusa isowa katanga."

Ta dube shi, sai abubuwa suka riƙa dawo mata ɗaya bayan ɗaya. Butar shayin da ta samu a ƙone ta ɗora wa tsufan butar laifi. Tofu biyun da yake faɗa a kansu, ashe shi ya sayo na biyun. Tausayi ya kama ta, tsoro ya kama ta, a ƙarƙashinsu kuma akwai wani baƙin ciki nata na kanta wanda ta ji kunyarsa amma ya ƙi tafiya. Ta shigo da shirin faɗa da haraji, kuma da ta ci. 'Yarsu Noriko na can birnin Osaka da yara uku da nata aikin. Ba kowa sai ita.

Ta karɓi lemun daga hannunsa ta ƙarasa ɓarewa, ta miƙa masa rabi. Daga nan ta je zaure ta buga wa Shizue waya. Maganar ba ta yi tsawo ba, ta ce a ba waccan matar gurin. Ta bayan muryar Shizue tana jiyo injin kirɓi yana bugawa, da Tokiko tana yi wa wani tsiya.

Da ta dawo ta tarar fuskarsa ta washe, ya miƙe zaune kamar akawun da.

"Ke, kar ki damu," ya ce. "Wata guda ne ai. Da an shiga Janairu lissafi ya koma farko, sai ki koma abinki."

"To," ta ce.

Ta ciro farar rigar daga jaka. Ta wuce ƙusar bayan ƙofa, ta shiga ɗaki, ta ninke rigar a hankali, ta buɗe durowar ƙasa inda take ajiye kayan Noriko na makaranta, ta sa ta a ciki.