Ɗan Cinya Ba Ya Biya

Lami ta fito daga gida da ƙaryarta a shirye. A tashar Gwandu, yaron da aka ɗora a cinya ba ya biyan kuɗin mota, don haka za ta ce ɗanta Ɗalha shekararsa uku, ba shida ba. Kalgo za su je su dawo yau, wurin mai maganin ciwon da ke cin yaron tun damina.

Direba ya dubi Ɗalha sau ɗaya.

"Baiwar Allah, wannan ai ɗan goye ne. Biya naki kawai."

Ta ɗaga shi da hannu ɗaya ta ɗora a cinya. Har suka bar gari tana jin haushin direban nan, da bai ko yi mata gardama ba.